Yadda Ake Ɗinke Zumuncin da Ya Yage: Jagora ga Mai Bi

A kusan kowace majami'a akwai mutum biyu da suke rera waƙa ɗaya ran Lahadi, suna cin jibin Ubangiji daga faranti ɗaya, amma rabonsu da gaisawa an yi shekaru. In an tashi sujada wannan ya bi ta ƙofar gabas, wancan ta yamma. Kowa ya sani, ba mai tankawa. Ni ma na yi irin wannan zaman da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, har shekara huɗu, a kan gonar da mahaifinmu ya bari. Abin da zan faɗa a nan daga can na koyo shi, da kuma daga zaman sulhun da nake shiga tare da dattawan ikilisiyarmu. Na rubuta shi don wa da ƙane, miji da mata, uwa da 'ya, da aminan da aka raba.

Tushen maganar: wa zai fara?

Duk faɗan da ya daɗe, wannan tambayar ce ke riƙe da shi. Kowa yana jiran ɗayan ya taho. Amsar tana cikin halin Allah kansa. Akwai kalmar Ibrananci, hesed, wadda ta zo kusan sau 250 a Tsohon Alkawari, ita ce muke karantawa da Hausa a matsayin madawwamiyar ƙauna. Ƙauna ce ta wanda ya yi alkawari ya kuma tsaya a kansa ko da ɗaya ɓangaren ya karya nasa. Zabura 136 ta maimaita ta a ayoyinta 26, ba tsallake ko ɗaya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne inda Allah ya zaɓa ya bayyana wa Musa wannan hali nasa. A Fitowa 34 ne, bayan Isra'ilawa sun ƙera ɗan maraƙin zinariya sun yi masa sujada, allunan Doka na farko kuma sun farfashe a gindin dutse. Bayan an ci amanarsa ne ya ce shi mai jinƙai ne, mai jinkirin fushi, mai yawan ƙauna da aminci. Ya umarci annabi Yusha'u ya je ya fanso matar da ta bar shi ta bi wasu, annabin kuwa ya biya azurfa 15 da sha'ir ya dawo da ita. Bulus ya taƙaita shi a Romawa 5:8, cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu.

Allah ne ya fara tahowa. Shi ya sa Yesu bai bar wa kowa mafaka ba. A Matiyu 5:23-24, in kai ne ka yi laifi, ka ajiye baikonka a gaban bagade ka je. A Matiyu 18:15, in kai aka yi wa laifi, nan ma ka je. Ko ta ina ka ɓullo, ƙafarka ce za ta taka. Bahaushe ma ya ce zumunta a ƙafa take.

Mataki na farko: ka faɗa wa Allah abin da ya faru da sunansa

Kafin ka je wurin kowa, ka sami wuri kai kaɗai da takarda da biro. Ka rubuta abu uku: abin da aka yi maka, abin da ka rasa ta dalilinsa, da abin da kai ka yi. Kada ka rubuta "ya ɓata mini rai", ka rubuta ainihin abin: ya sayar da ɓangaren gona bai shawarce ni ba, ta zage ni gaban surukaina, ya ci kuɗin adashen da na ba shi ajiya. Yawancinmu mun saba da cewa "ba komai" alhali akwai komai, kuma ciwon da aka rufe da tsumma ba a wanke ba ruɓewa yake yi. Dawuda bai ɓoye nasa ba. A Zabura 55 ya ce da maƙiyi ne ya yi masa haka da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke tafiya ɗakin Allah tare.

Layi na uku shi ne mai wuya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni na cika shafi guda da laifin yayana, nawa kuwa layi biyu na iya rubutawa da farko. Sai da na yi mako ina addu'a a kan takardar nan kafin na yarda cewa ni ne na fara kai maganar wurin kawunmu ban tunkare shi ba, ni ne kuma na hana 'ya'yana shiga gidansa. Ko da rabonka na laifin ɗan kaɗan ne, wannan kaɗan ɗin naka ne, shi za ka ɗauka ka tafi da shi.

Mataki na biyu: ka raba gafara da sulhu da amana

Nan ne mutane da yawa suke maƙalewa, don an haɗa musu abu uku wuri ɗaya an ce su haɗiye a rana ɗaya.

Gafara aikin mutum ɗaya ce. Yesu ya kwatanta ta da yafe bashi a Matiyu 18: bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000, ya fita ya shaƙe abokin aikinsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, saboda haka dinari 100 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga talaka, ya haura aikin wata uku. Yesu bai ce abin da aka yi maka ba komai ba ne. Cewa ya yi ka auna shi da abin da aka yafe maka. Gafartawa ita ce ka ce a gaban Allah: na daina bin wannan mutum bashin ramuwa, ba zan ƙara neman ya ji zafin da na ji ba. Wannan za ka iya yi yau, ko ya nemi gafara ko bai nema ba. Zuciya kuma za ta sake tayar da maganar gobe in ka hango shi a kasuwa. Wannan ba alamar ba ka gafarta ba ce. Ka sake ajiye ta. Ina ganin wannan yana cikin dalilin da ya sa da Bitrus ya tambaya ko sau bakwai zai yafe, Ubangiji ya ce masa bakwai sau saba'in: laifi ɗaya ma yakan bukaci yafewa sau da yawa.

Sulhu aikin mutum biyu ne. Ba ya yiwuwa sai ɗayan ya yarda a zauna.

Amana kuwa lokaci ne ke gina ta. Dubi Yusufu. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai bayan wajen shekara 22 ya bayyana musu kansa a Masar. Tun a zuwansu na farko ya juya ya yi kuka, alamar zuciyarsa ta riga ta yi laushi, amma bai ce musu "ni ne" ba sai da ya gwada su, sai da ya ga Yahuza, wanda shi ne ya kawo shawarar sayar da shi, ya miƙa kansa ya zama bawa a maimakon Biliyaminu. Saboda haka in ka yafe wa wanda ya cinye kuɗinka amma ba ka sake ba shi ajiya ba tukuna, ba ka yi zunubi ba. Kada wani ya ɗora maka wannan nauyin.

Mataki na uku: ka janye itace daga wuta

Karin Magana 26:20 ta ce in ba itace wuta takan mutu, in ba mai tsegumi faɗa yakan kwanta. Daga yau ka daina ba da labarin. Ka daina habaici a WhatsApp da Facebook, ko da da ayar Littafi Mai Tsarki ne, don kowa ya san wanda kake nufi. A taron addu'a ko na zumuntar mata, kada "a taya ni da addu'a" ya zama hanyar tona asirin miji ko na uwar miji. Wanda ya zo maka da "ka ji abin da ya ce a kanka?", ka ce masa, "Na gode, zan ji daga bakinsa." Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a rigimarmu ta gona, rabin abin da na riƙe yayana da shi ashe bai taɓa faɗa ba.

Mataki na huɗu: ka tafi, kai kaɗai

Wannan shi ne zuciyar aikin, bari in daɗe a kansa.

Labarin Yakubu da Isuwa a Farawa 32 da 33 ya fi kowace shawara da zan bayar. Yakubu ya yi shekara 20 a gidan Laban yana gudun ɗan'uwan da ya ƙwace wa albarka. Da zai dawo, sai ya fara aika manzanni, bai faɗo masa kwatsam ba. Da aka ce masa Isuwa yana tafe da mutum 400, tsoro ya kama shi, ya yi addu'a, a cikinta ya ce shi bai cancanci ko kaɗan daga madawwamiyar ƙauna da amincin da Allah ya nuna masa ba. Ya aika kyautar dabbobi fiye da 550. Ya kwana yana kokawa da Allah a mashigin Yabbok. Da gari ya waye ya wuce gaban iyalinsa, ya rusuna sau bakwai kafin ya isa. Isuwa kuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi, suka yi kuka.

Ga yadda wannan yake a aikace. Ka aika saƙo gajere ko ka kira: "Yaya, ina so in zo in gaishe ka, akwai maganar da nake so mu yi. Yaushe zan same ka?" Ka bar shi ya zaɓi lokaci. Ka je gidansa, kada ka ce ya zo naka. Kada ka tare shi a harabar coci, ko wurin biki, ko zaman makoki, inda idon jama'a zai sa ya kare girmansa. Kada ka je da yunwa ko gajiya, ko a daren da aka sake ɓata maka rai. Ka riƙe ɗan abu a hannu gwargwadon halinka, ko sabulu ne ko kwanon gyaɗa, ba don sayen gafara ba, don dai a ga da wace zuciya ka zo. In ya girme ka, ka durƙusa ka gaishe shi yadda aka saba. In kai ne babba, zuwanka kaɗai ya faɗi magana mai yawa, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Bayan gaisuwa, ka fara da naka. Abin da na faɗa wa yayana bai wuce wannan ba: "Yaya, na kai ƙararka wurin Kawu ban zo na same ka ba, na kuma hana yara zuwa gidanka. Ban kyauta ba. Ka yafe mini." Sai ka yi shiru. Kalma biyu ne suke kashe neman gafara: "in" da "amma". "In na ɓata maka rai" yana nufin ba ka yarda ka yi ba. "Na yi laifi amma kai ma" ya mayar da tuba ƙara. Ba lallai a zaman farko ka kawo naka ƙorafin ba. In ya buɗe ƙofa, ka faɗe shi a kan abin da aka yi da yadda ya taɓa ka: "Ranar da aka sayar da gefen fadamar ban sani ba, na ji kamar an cire ni daga 'ya'yan Baba." Kada ka ce "kai dama haka halinka yake", kada ka tono na shekara goma, kada ka sa matarsa ko iyayenta a ciki.

Sa'an nan ka saurara har ya gama, ko da abin da yake faɗa ba daidai ba ne a ganinka. Karin Magana 18:13 ta kira mai amsawa kafin ya ji wawa. A ranar ne na ji cewa kuɗin fadamar nan asibitin mahaifiyarmu suka tafi, a lokacin da nake nesa ina aiki, shi kuma kunya ta hana shi ya ce ba shi da shi. Bai sa abin da ya yi ya zama daidai ba, ya kamata ya gaya mini. Amma mutumin da na yi shekara huɗu ina ƙi, mai haɗama, ba shi ne zaune a gabana ba.

Mataki na biyar: a mayar da abin da aka ci

Hawaye ba sa biyan bashi. Zakka da ya tuba ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Bulus da ya mayar da Unisimas wurin Filimon ya ce in akwai bashi a ɗora a kansa, shi zai biya. In kuɗi ne, a faɗi adadi da lokacin biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. In gona ce, a taka iyaka da rana tsaka gaban mai unguwa da dattawan dangi, a dasa shaida, a rubuta, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi, don kada 'ya'yanku su gaji faɗan. In suna ka ɓata, ka koma wurin mutanen da ka gaya wa, ka gyara da bakinka. Wanda aka zalunta yana da ikon ya ce ya bar shi, amma shi zai faɗa, ba wanda ya ci ba.

Mataki na shida: in ya ƙi ji

Yesu ya ce ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi su ma, sai ikilisiya. A bi wannan jerin, kada a fara daga ƙarshe. Wajen zaɓen mai shiga tsakani, ka nemi wanda shi ɗan'uwan naka yake jin nauyinsa, ba wanda yake goyon bayanka ba, mai riƙe sirri, wanda ba shi da rabo a cikin abin da ake faɗa a kai. Wani lokaci fasto ne, wani lokaci gwaggo ce tsohuwa ta fi fasto iya wannan. A gidajenmu da yawa akwai Kirista da Musulmi a tsatso ɗaya, in kawun da kowa yake girmamawa Musulmi ne, a kira shi, zumunci nasa ne shi ma. Ku kuma dattawa, ina roƙonku, kada ku rufe zama da "to, kowa ya yi haƙuri, ku sha hannu" ba a ji kowa ba. Irin wannan sulhun kafin damina ta zagayo ya warware.

Inda akwai duka ko barazana

Dole in faɗi wannan a fili, domin na ga an yi amfani da ayoyin gafara an mayar da mace gidan da ake dukanta. 'Yar'uwa, in ana dukanki, ko ana yi miki barazana da makami, ko ana taɓa 'ya'yanki, mataki na huɗu ba naki ba ne. Kada ki je ke kaɗai. Ki fita zuwa inda za ki tsira, ki gaya wa danginki da shugabannin ikilisiya, ki je asibiti a duba ki, ki kai wa hukuma in ya kama, domin dukan mace laifi ne a doka. Dawuda ya bar sarki Saul, mai neman kashe shi, da rai sau biyu, Saul ya yi kuka ya ce ya yi laifi, ya ce masa ya dawo, amma Dawuda bai koma fada ba. Za ki iya yafewa daga nesa. Komawa sai an ga canji na gaske, na tsawon lokaci, wanda wasu ma suka shaida, ba alkawarin dare ɗaya ba.

Mataki na bakwai: bayan an sha hannu

Akwai sulhun da ya fi faɗa haɗari, wato na rabi. Dawuda ya yarda ɗansa Absalom ya dawo Urushalima bayan shekara uku a Geshur, amma ya bar shi shekara biyu cur bai ga fuskarsa ba. Da suka haɗu ya sumbace shi, ba a dai ga inda aka taɓa maganar Tamar, 'yar'uwar Absalom da Amnon ya yi wa fyaɗe, ko ta Amnon ɗin da Absalom ya sa aka kashe a kan haka ba. Abin da ya biyo baya tawaye ne da kukan uba a kan mutuwar ɗansa. In an yi sulhu, a ci gaba da takawa. Ka koma gaisuwa a makon nan, kada ka jira Kirsimeti. Ka tura yara da kwanon abinci. Ku ci tuwo tare. Yesu ma da zai mayar da Bitrus bayan musu sau uku, sai da ya gasa kifi a bakin teku ya ce su zo su karya kumallo, sa'an nan ya yi masa tambaya sau uku, ya kuma damƙa masa aiki.

Kada ka karaya in abin bai koma kamar dā nan take ba. Yakubu da Isuwa sun rungumi juna, amma Isuwa ya koma Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot, sai ga su tare wajen binne mahaifinsu Ishaku. 'Yan'uwan Yusufu, shekara 17 bayan sulhu, da mahaifinsu ya rasu tsoro ya sake kama su, sai da ya sake kwantar musu da hankali. Bulus da ya rabu da Barnaba a kan Markus, bayan shekaru sama da goma ya rubuta wa Timoti ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi. A Kaduna ma muna da shaida a zamaninmu: Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, an haɗa su a 1995, kuma Wuye da kansa ya sha faɗa cewa sai da ya yi shekaru suna aiki tare kafin ƙiyayyar ta bar zuciyarsa.

In kuwa ka yi duk wannan ya rufe maka ƙofa, Romawa 12:18 ta san da kai: in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake wajenka, ka yi zaman lafiya da kowa. Ka ci gaba da gaishe shi ko bai amsa ba, ka je masa jaje da barka, ka ambaci sunansa a addu'a da alheri, bayan wata uku ko shida ka sake ƙwanƙwasawa. In wanda kuka ɓata ya riga ya rasu, ka ɗauki takardar nan ta mataki na farko ka karanta ta gaban Allah tare da wani dattijo amintacce, abin da ya rage na bashi ko na alheri kuma ka kai wa matarsa da 'ya'yansa.

Ni da yayana ba a zama ɗaya muka gama ba. Ranar farko ya ce ya ji, bai ce ya yafe ba, ruwa kawai na sha na tafi. Sai a zuwa na uku ya kira matarsa ya ce ta kawo mana abinci. Mun taka iyakar gonar bayan girbi, kawunmu da mai unguwa suna tsaye, muka dasa bishiyar zogale a kan layin. Maganar kuɗin fadama na bar masa. Har yanzu akwai abubuwan da ba ma taɓawa a hira, amma ɗansa na fari a gidana yake zaune yana karatu, ran Lahadi kuma ƙofa ɗaya muke fita.